Rangwamen Haraji Ga Mai Neman Gidan Fari

Ran 26 ga watan Yuni, 2025, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, babbar cikinsu kuwa, watau Dokar Haraji ta Nijeriya, ta soma aiki ran 1 ga Janairu, 2026. An yi ta magana a kanta a majalisa da kasuwa da tashar mota, har waɗanda ba su taɓa ganin bangonta ba sun tofa albarkacin bakinsu. Amma akwai wani lungu nata wanda ba mu ji an leƙa shi sosai ba, shi ne kuwa ya fi shafar masu karatun wannan jarida, malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi, magadan akawunan En'e na da. Lungun nan shi ne maganar muhalli. Ma'aikacin da ya ke zaune gidan haya, ya ke kuwa fama ya sami gidan kansa na fari, wane sauƙi dokar ta yi masa?

Kafin mu ce kome, wajibi ne mu yaba inda ya kamata a yaba. Dokar ta ce Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara ba a taɓa su. Daga nan zuwa Naira miliyan 3 a karɓi kashi 15 cikin ɗari, sa'an nan abin ya yi ta hawa, 18, 21, 23, har ya tsaya a kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Wannan adalci ne, ƙaramin ma'aikaci ya sami sa'ida, ba mu kuwa raina ta ba.

Game da muhalli, dokar ta yarda a cire wa mutum abu uku daga cikin samunsa kafin a auna masa haraji. Akwai abin da ya ke zubawa a Asusun Gidaje na Ƙasa, akwai ruwan bashin da ya ci don gina gidan da shi da kansa zai zauna ciki, sa'an nan akwai sabon abu, watau kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar da ya biya a shekara, muddin abin da za a cire bai wuce Naira 500,000 ba. Mun duba, ba mu ga inda aka ware mai neman gidan fari aka yi masa wani tanadi nasa na kansa ba. Wanda bai taɓa mallakar ko ɗaki ɗaya ba, da wanda ya ke da gidajen haya a unguwa uku ya ke son ya gina na zamansa a wuri mai iska, duk mudu ɗaya aka auna musu.

Don a gane abin da mu ke nufi, bari mu ɗauki unguwa guda a nan Kaduna, watau Abakwa, wadda a takardun Gwamnati a ke rubuta ta Abakpa. Tana arewa da Kogin Kaduna, maƙwabciyar Unguwar Shanu, ba ta kuwa da nisa da tsohon mazaunin makarantar horad da hafsoshin soja. Tana cikin tsofaffin unguwannin wannan gari, wanda shi kansa bai daɗe ba in aka gwada shi da Zariya ko Katsina, gama sai a 1917 aka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru aka kawo ta nan. Kaduna garin ma'aikata ne tun asalinsa. Soja da ɗan sanda, akawu da masinja, malamin makaranta da ma'aikacin jirgin ƙasa, kowa aiki ya kawo shi, kowa kuwa ɗakin haya ya fara kamawa. Abakwa ta ga irin waɗannan mutane iri iri, Hausawa da waɗanda ba Hausawa ba, Musulmi da Kirista. Akwai waɗanda aka haifa a ɗakin haya a unguwar, suka yi makaranta, suka kama aiki, suka yi aure, har yau kuwa ƙarshen shekara in ya zo gabansu faɗuwa ya ke yi, don sun san mai gida zai aiko.

To, yaya mutumin Abakwa ya ke samun gida, in Allah ya nufe shi da samu? Kowa ya sani. A cikin unguwar dai fili ya ƙare, wanda ya rage kuwa ya fi ƙarfin mai albashi. Sai ya shiga adashi a ofis, ko ya yi ta zubi a ƙungiyar gama kai ta ma'aikata, ran da ya kwasa ya bi dillali can bayan gari, wajen Rigasa ko Mando ko Rigacikun, ya sayi rabin fuloti. A rubuta takarda, shaidu su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi. Bana ya buga bulo ɗari biyar ya jibge. Baɗi ya haƙa tushe. Shekara ta uku gini ya kai linta ya tsaya, ciyawa ta fito a tsakar ɗaki, damina biyu ta wuce a kansa. In an biya wani bashin albashi da aka daɗe ana jira, ya sayi kwano. Da ya rufa ɗaki biyu, ko ba a yi shafe ba, ko tagogi buhu ne aka rataya, sai ya kwashi iyali ya tare, don hayar da ya ke biya ta koma siminti. Waɗansu sai da kuɗin sallama, bayan shekara 35 suna aiki, su ke iya ƙarasawa. Waɗansu kuwa magada ne ke ƙarasawa.

Cikin wannan tafiya duka, tun daga adashi har zuwa tarewa, ba inda banki ya shigo, ba inda aka biya ruwan bashi. Rangwamen da doka ta rataya a wuyan ruwan bashi, ashe, ba ya ko bi ta ƙofar gidan wannan mutum.

A nan ya kamata mu tsaya mu bambanta abu biyu waɗanda su kan rikita mutane, har da waɗansu masu aikin lissafi. Rangwamen haraji iri biyu ne. Akwai wanda a ke rage dukiyar da za a auna, sa'an nan a ɗora haraji bisa abin da ya saura. Mu kira shi rangwamen awo. Akwai kuma wanda a ke gama lissafin haraji tukuna, kana a ce daga cikin abin da ya hau kanka an yafe maka kaza. Mu kira shi rangwamen tsaba. A waɗansu ƙasashe ma, in harajin da ke kanka bai kai abin da aka yafe ba, sai baitulmali ya cika maka ragowar a hannu. Bambancin nan ba ƙarami ba ne. Rangwamen awo darajarsa tana bin matakin harajin mutum, mai biyan kashi 25 ya fi mai biyan kashi 15 cin moriyarsa, wanda ba ya biyan kome kuwa ba ya samun kome. Rangwamen tsaba Naira ɗaya ce ga kowa. Duk abin da dokarmu ta tanada game da muhalli rangwamen awo ne.

Ga misali, mu ƙaddara mutum uku. Na fari babban ma'aikaci ne a kamfani, samunsa Naira miliyan 40 a shekara, ya ci bashin miliyan 40 a banki da ruwa kashi 20 don ya gina gidan zama. Ruwan shekarar fari miliyan 8 ke nan. In aka cire masa su, shi da ke matakin kashi 23, harajinsa ya ragu da Naira 1,840,000. Na biyu malamin makaranta ne, abin da a ke auna masa Naira 1,800,000 a shekara, ya yi sa'a ya sami bashin miliyan 5 daga Asusun Gidaje da ruwa kashi 6. Ruwan shekarar fari wajen Naira 300,000, sauƙin da ya samu Naira 45,000. Na uku masinja ne mai karɓar albashi mafi ƙanƙanta, wanda Gwamnatin Jihar Kaduna ta tsayar a kan Naira 72,000 a wata a shekarar 2024. A shekara Naira 864,000 ke nan, in an cire na fansho abin da ya saura yana bakin Naira 800,000 ɗin nan da ba a taɓawa. Shi ko me ya gina, ko me ya ranta, ba abin da za a rage masa, don ba abin da ke kansa. Watau gwargwadon ƙarfinka gwargwadon taimakon da za a yi maka. Ruwa ya tafi kogi, tudu yana kallo.

Maganar rangwamen haya ma haka ta ke, har da ƙari. Malamin nan namu, in yana biyan Naira 300,000 a shekara a Abakwa, za a cire masa Naira 60,000 daga awo, harajinsa ya ragu da Naira 9,000. A farkon 2024 buhun siminti ya haye Naira 10,000, alhali shekara guda kafin nan yana wajen 5,000. Sauƙin shekara guda cur bai sayi buhu ɗaya ba. Amma abin da ya fi ba mu mamaki shi ne wannan: ran da malamin ya tare a ɗakinsa biyu marasa shafe, ran nan ya rasa ko da wannan ɗan rangwame, don ya daina biyan haya, ba shi kuwa da ruwan bashin da zai nuna. A tsohuwar doka akwai wani rangwame na gaba ɗaya da a ke yi wa kowane mai albashi, ba a tambayarsa ko haya ya ke ko gidansa ne, sabuwar doka ta soke shi. Ba mu ce masu tsara dokar sun yi nufin su hukunta mai gini da guminsa ba. Mun tabbata hankalinsu yana kan masu haya a Ikko da Abuja, inda haya ke cin rabin albashi. Amma abin da ya fito a lissafi ke nan.

Wani zai ce, to, me ya hana ƙaramin ma'aikaci ya tafi banki shi ma? Abin da ya hana shi da yawa. Na farkonsu takarda. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace Jiha tana hannun Gwamna bisa amana, abin da mutum ke riƙewa a birni izinin zama ne, shaidarsa kuwa satifiket mai sa hannun Gwamna. Mu a Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, gama dokar 1910 ta zamanin Turawa da Dokar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 duk bisa wannan tafarki su ke. Ba a sayad da fili mai satifiket, ba a jinginad da shi, sai da yardar Gwamna. Banki kuwa ba ya karɓar takardar mai unguwa. Kafin mutum ya mai da takardar mai unguwa satifiket, sai ya biya safiyo, ya biya kuɗin rajista, da kuɗin kan sarki, da kuɗin ƙasa, ban da zirga-zirga da ranakun aiki da zai yi hasara. Mai tara kuɗin bulo da ƙyar, in aka ce ya zaɓa tsakanin kwano da satifiket, kowa ya san abin da zai zaɓa, ba kuwa za mu ga laifinsa ba.

Sa'an nan ga tsadar ruwa. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27 da rabi cikin ɗari, bankunan kasuwa kuwa daga nan su ke ɗorawa. Ba albashin malamin da zai ɗauki wannan. Gaskiya ne akwai Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya, wanda asalinsa ƙungiyar ba da rancen gini ce da aka kafa a 1956, aka mai da ita banki a 1977, akwai kuma Asusun Gidaje da aka kafa a 1992, inda ma'aikaci ke zuba kashi biyu da rabi na albashinsa don ya sami rance da ruwa kashi 6, ya biya cikin shekaru har 30. Tsari ne mai kyau a takarda. Amma shi ma yana neman satifiket, yana neman tsarin gini da hukuma ta amince da shi, yana neman a bi ta wani bankin jingina. Masu zubi da yawa, masu kwasa kaɗan. Kowane ofis ka shiga za ka sami wanda aka yi shekaru ana cire masa, bai taɓa ganin ko takardar neman rancen ba.

Akwai kuma abin da masu tsara doka a can kudu ba su cika tunawa da shi ba. Mutane da yawa a wannan ƙasa tamu, ko an buɗe musu ƙofar banki an shimfiɗa musu tabarma, ba za su ci bashi da ruwa ba, don addininsu ya hana riba. Wannan ba taurin kai ba ne, imani ne, Gwamnati kuwa ta san da shi, shi ya sa aka ba Bankin Jaiz izini ya buɗe a 2012, da Kaduna cikin garuruwan da ya fara, waɗansu bankuna marasa ruwa kuma suka biyo baya. Irin waɗannan bankuna su kan sayi gida su sayar wa mutum da ribar ciniki ya biya sannu a hankali, ko su ba shi haya wadda za ta ƙare da mallaka. Rangwamen da aka ɗaura da kalmar ruwan bashi ya kamata a fayyace a sarari, da harshen da akawun albashi zai gane, cewa ya haɗa da ribar cinikin nan da hayar nan, don kada mai gudun riba ya zama shi ne mai hasara.

Ba mu ne farkon waɗanda suka yi tunanin taimakon mai gidan fari ta hanyar haraji ba, yana da kyau kuwa mu ga yadda ta kaya da waɗanda suka riga mu. A Amurka, sa'ad da cinikin gidaje ya rushe a 2008, Gwamnati ta yi wa mai sayen gidan fari rangwamen tsaba har Dala 7,500, amma bisa sharaɗin zai mayar cikin shekara 15, watau rance ne marar ruwa. A 2009 aka kai shi Dala 8,000, aka ce ba sai an mayar ba, muddin mutum ya zauna a gidan shekara uku. Wanda harajinsa bai kai haka ba a kan cika masa a hannu. Mutane suka yi rububi. Amma da wa'adin ya cika a 2010, cinikin gidaje ya faɗi da fiye da rubu'i a watan Yuli kaɗai, abin da ya nuna da yawa cikin masu sayen dama za su saya, gaggauta su kawai aka yi. Masu binciken baitulmalinsu kuma suka tarar yara ƙanana sun nema, har da ɗan shekara huɗu, fursunoni fiye da dubu kuma sun karɓa suna cikin kurkuku. In haka ta faru a ƙasar da kowane gida ke da lamba kowane mutum ke da fayil, sai mu yi wa kanmu hisabi.

Ingila ta daɗe tana yin irin namu, watau rage haraji bisa ruwan bashin gida, ta yi ta rage shi har ta soke a 2000, don an ga masu hali ya fi amfana, yana kuma taimakawa wajen tsadar gidaje. A 2017 ta ɗauke wa masu sayen gidan fari kuɗin kan sarki in gidan bai wuce Fam 300,000 ba, ko da ya ke ofishin da ke duba kasafin kuɗinsu ya yi gargaɗi a shekarar cewa masu sayarwa ne za su fi cin riba, don farashi zai tashi. Kanada tana da nata ɗan rangwame tun 2009, ta ninka shi a 2022 ya zama Dalarsu 1,500.

Abin da mu ka tsinta daga nan shi ne, inda gidaje ba su da yawa, in ka sa kuɗi a aljihun mai saye, mai sayarwa ne zai zare su. Dillalan Kaduna ba su buƙatar a koya musu wannan. Ran da aka yi shela a rediyo cewa Gwamnati za ta ba kowane mai sayen gidan fari Naira kaza, kafin la'asar kowane fuloti daga Kawo har Rigasa ya ƙara Naira kaza, la'ada kuma ta bi. Saboda haka ba mu goyi bayan a kwaikwayi Amurka ido rufe ba. Halinmu dabam ne. Su gidaje ginannu su ke saye da bashi, mu fili mu ke saye mu gina da hannu. Taimakon da zai yi mana amfani shi ne wanda zai ƙara yawan ɗakunan da aka rufa, ya kuma sa takardar mutum ta zama abin da hukuma da banki za su karɓa.

Nan ne mu ke ganin Gwamnatin Jiha tana da abin yi wanda ba sai ta jira Abuja ba. Matakan harajin albashi dokar Tarayya ce ta yanka su, Jiha karɓa kawai ta ke yi. Amma kuɗin satifiket, da na rajista, da na neman yardar Gwamna, da kuɗin ƙasa na shekara shekara, da na amincewa da tsarin gini, duk a hannun Jiha su ke, kuɗin kan sarki na cinikin da ke tsakanin mutum da mutum ma ita ke karɓa. Jihar Kaduna kuwa tana da abin da waɗansu Jihohi ba su da shi, watau hukumar KADGIS, wadda aka kafa zamanin Gwamna Nasiru el-Rufa'i don ta tattara rajistar filaye wuri guda a cikin kwamfuta. Shawararmu ita ce, duk wanda ya zo da fuloti ɗaya wanda bai wuce wani girma da za a yanka ba, ya rantse bai taɓa mallakar gida ba, rajista kuwa ta gaskata shi, a ba shi satifiket a kan kuɗin takarda kawai, a ɗauke masa kuɗin tsarin gini, a kuma yafe masa kuɗin ƙasa na waɗansu shekaru daga ran da ya tare. In ya sayar kafin shekarun su cika, ya biya abin da aka yafe masa duka.

Mun san abin da Ma'aji zai ce, don aikinsa ke nan: baitulmali zai yi hasara. Muna roƙonsa ya duba da kyau. Kuɗin nan da mu ke cewa a yafe, yawancinsu yau ma ba sa shigowa, gama masu su ba sa zuwa ofis sam, suna can da takardar mai unguwa a ƙarƙashin katifa. Ba a hasarar abin da ba a taɓa riƙewa ba. Gidan da ya shiga rajista kuwa ya shiga ke nan har abada, bayan shekarun yafewa zai biya kuɗin ƙasa, in an sayar a biya na yarda, in an raba gado a san iyaka, shari'ar fili ta ragu a kotuna. Gargaɗin da aka yi wa Ingila bai kama mu sosai ba, don can kowa dama yana biya, yafewar ta zama ƙarin kuɗi a hannun mai saye, nan kuwa yafewar kira ce ga wanda ya ke waje ya shigo. Wannan Jiha ta taɓa yin abin da ya fi wannan girma. A 1979 Gwamna Abdulkadir Balarabe Musa ya soke haraji da jangali, waɗanda su ne ƙashin bayan baitulmalin En'e shekara da shekaru, aka ce ƙasa za ta tsaya, ba ta kuwa tsaya ba.

Wuyar aikin tana wajen sanin wane ne mai gidan fari. Attajiri mai 'ya'ya ashirin yana iya yanka fili ashirin, kowanne da sunan ɗa guda, har da na goye. Maganin wannan shi ne a ɗaura rangwamen da lambar shaidar ɗan ƙasa, sau ɗaya a rayuwa, ga baligi, a kuma aiki ma'aikaci ya gani da idonsa cewa mai sunan ne ke kwana a gidan. Tsofaffin akawunan En'e, da alƙalami da littafi kawai, sun san kowane magidanci a gunduma da yawan shanun kowane ruga, ba dalilin da zai sa jikokinsu masu kwamfuta su kasa. Amma kada tsananin tsaro ya kori masu gaskiya. A Abakwa da Unguwar Shanu akwai gidajen gado da yawa, inda mutum goma sha biyu ke da rabo a gida ɗaya, rabon wani bai kai faɗin tabarma ba. Irin wannan rabo bai kamata a ƙidaya shi mallakar gida ba. Haka kuma malama ko ma'aikaciyar asibiti da ta tara nata ta sayi fili da sunanta, kada a ce mata ai mijinki yana da gida. Dukiyar mace tata ce, shari'a ta tabbatar da haka tun kafin a san rajista, ran da aure ya mutu ko miji ya rasu kuwa ita ta san inda za ta kwana.

Ga wakilanmu na Majalisar Tarayya kuma, in lokacin gyaran dokar ya zo, gama kowace doka a kan gyara ta, muna so su tuna da mai gini da hannu. A ba mai gidan fari rangwamen tsaba, adadi ɗaya ga kowa, na shekaru ƙididdigaggu, wanda zai maye masa gurbin rangwamen hayar da ya rasa ran da ya tare, a kuma biya shi bayan an ga rufi a kan gini, don kada kuɗin ya tsaya a hannun mai sayad da fili. A kuma lissafa rancen ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata cikin bashin gini, don su ne bankin talaka na gaskiya. Ƙungiyar malaman makaranta da ta ma'aikatan ƙananan hukumomi suna da bakin da a ke ji, ga wurin da ya kamata su yi amfani da shi.

Kafin wannan ya samu, ɗan abin da doka ta riga ta bayar kada a bar shi a ƙasa. Rangwamen haya da na ruwan bashi ba sa zuwa da kansu, sai mutum ya nema a rubuce, ya nuna shaida. Saboda haka duk wanda ya biya haya ya karɓi rasit mai kwanan wata da sunan mai gida da adadin kuɗi, ya kai wa akawun albashi na ofishinsa don a sanad da Hukumar Tara Haraji ta Jiha. Mun ji waɗansu masu gidaje suna ƙin ba da rasit, suna tsoron kada a bi sawu a zo kansu, har su kan ce wa ɗan haya in takarda ya ke so ya nemi wani gida. Wannan ma abu ne da ya kamata Hukumar ta yi magana a kansa a fili, ta ce ko za ta karɓi shaidar biya ta banki a madadin rasit. Akawunan albashi kuwa, tun da ta hannunsu abin zai bi, ya kamata a tara su a kowace ƙaramar hukuma a koya musu lissafin, a kuma buga takardar neman rangwamen da Hausa, a aika da ita kowace makaranta ta hannun hedimasta kafin shekarar haraji ta ƙare.